Aqua ko Fit: lissafin da na yi wa ɗan yayata kafin ya zuba adashin uwarsa a mota

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, ɗan yayata ya tare ni a bakin titin Nima da waya a hannu. Hotunan motoci biyu ya nuna mini, fara da shuɗiya, duk ƙanana masu guntun baya, irin waɗanda ƙofar but ɗinsu ke ɗagawa sama tare da gilashi. Ɗaya Toyota Aqua, ɗaya Honda Fit, kuma duk biyun haibirid ne, wato masu haɗa fetur da batir. Ya ce, "Kawu, wacce zan ɗauka? Mai garejin ya ce duk ɗaya ne, ba sa shan mai."

Da kuɗinsa ne shi kaɗai, da na ce ya ɗauki wadda ransa ya kwanta da ita. To amma uwarsa ce ta kwashe adashinta na shekara biyu, susu kamar yadda muke cewa a nan, yayansa da ke Italiya ya turo ciko. Shekara uku yaron nan yana tuƙa motar wani a Bolt, duk ƙarshen mako ya kai wa mai mota kuɗinsa, ko an samu ko ba a samu ba. Yanzu yana son tasa. Idan motar nan ta zauna a wurin gyara, gida guda ne ya zauna da ita. Shi ya sa na ce ya ba ni kwana uku. Abin da na tattaro kuwa na ga bai kamata ya tsaya tsakanina da shi ba, domin samari da yawa a Mamobi, Fadama, Madina, Ashaiman har Aboabo a Kumasi suna kan wannan tambaya.

Ba mu manta da abin da ya kawo mu nan ba. Tun 2015 gwamnati ta saki farashin mai, kowane mako biyu gidajen mai na sake lissafi gwargwadon kasuwar duniya da darajar sidi. A Nuwamban 2022 litar fetur ta kai kusan sidi 18, gas ya haura sidi 23, a Disamba hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin 100. A wannan lokacin ne direbobin Uber da Bolt da Yango suka fara kashe na'urar sanyaya mota da tsakar rana, fasinja na zufa suna zufa, aka kuma fara jin kalmar haibirid a bakin mutanen da a da ba su san ta ba. A 2025 iska ta juya. Dala da ta haura sidi 15 a watan Afrilu ta sauko ƙasa da sidi 11 kafin ƙarshen Yuni, mai ya yi sauƙi, ƙungiyoyin direbobi suka rage kuɗin mota da kashi 15 cikin 100 daga 24 ga Mayu. Kuɗin fito a Tema ma ya sassauta, tunda da dala ake ƙiyasta kimar mota kafin a mayar sidi. Mutane suka ce lokacin sayen mota ya yi. Amma ba a jima ba, a watan Yuli, aka ɗora sidi 1 a kan kowace lita don biyan bashin ɓangaren wutar lantarki. Wanda ya ga 2022 da idonsa ba zai gina kasuwancinsa a kan cewa mai zai dawwama da araha ba.

To mu yi lissafi, na misali ne, kowa ya sa nasa adadin. A ce direba na yin kilomita 150 a rana. Ƙaramar mota ta fetur zalla da ke ba shi kilomita 12 a lita cikin cunkoso za ta sha lita 12 da rabi. Haibirid mai lafiya da ke ba shi kilomita 20 za ta sha 7 da rabi. Ya tsira da lita 5 ke nan kullum, lita 130 a kwana 26 na aiki. Idan lita tana sidi 12, ya ajiye 1,560 a wata. Idan ta koma 18, ya ajiye 2,340. Wannan kuɗi ne na gaske, kuɗin haya ne da na makaranta. Amma a duba tsakanin motocin biyu. A takardun Japan, Aqua ta fito a Disamban 2011 da kilomita 35.4 a lita, Fit ta 2013 ta zo da 36.4, Toyota ta sake gyara ta kai 37. Waɗannan lambobin ɗakin gwaji ne, ba wanda zai gan su tsakanin Lapaz da Mallam Junction. Amurkawa da suka auna irin Aqua ɗin da awonsu, abin da suka samu bai wuce kimanin kilomita 21 ba. Ko da ɗaya ta fi ɗaya da kilomita guda a lita, bambancin bai kai rabin lita a rana ba. Saboda haka maganar mai garejin gaskiya ce ta wannan fuska: a shan mai kusan duk ɗaya ne. Inda ba ɗaya ba ne shi ne abin da bai faɗa ba, wato yadda kowacce ke lalacewa, da wanda zai iya gyara ta a garin nan.

Kafin in shiga ciki, wata 'yar gyara. Yayata ta tambaye ni, idan aka ɗauke wuta ina za a yi cajin motar? Hajiya, ba a jona waɗannan da wuta. Injin da birki ne ke cika batir ɗin tana tafiya. Dumsor ba ruwansa da su.

Aqua tana da inji mai lita 1.5 da injinan lantarki guda biyu, an haɗa su duka da wasu haƙoran ƙarfe masu zagaya juna. Babu kulos, babu giyar da ke shiga tana fita. Babu ma bel ɗin inji, domin famfon ruwa da na'urar sanyi duk lantarki ke juya su. Tsarin Prius ne da Toyota ke sayarwa tun 1997, aka rage masa girma. A cunkoso, inda mota ke matsawa taku uku ta tsaya, injin fetur kan mutu, lantarki ya ja ta a hankali, ba abin da ke gogar wani abu. Kamar don titin Kasoa da ƙarfe shida na yamma aka yi ta. Ƙarfinta ba yawa, doki 100 ne gaba ɗaya, kujerar baya kuma matsattsiya ce. Fasinja uku masu jiki da kayan kasuwar Makola, za ka ji guna-guni.

Fit ta fi ta kyau a ciki, wannan ba gardama. Honda ta sa tankin mai ƙarƙashin kujerun gaba, sai bayan ya samu fili, kujerun na kwanciya su kuma miƙe, ka sa buhu ka sa keke. Ƙarfinta doki 137, a babban titi tana tafiya kamar ta fi girmanta. Duk wanda ya tuƙa su biyun na minti goma, Fit zai zaɓa, kuma na lura ita yaron nan ke so tun kafin ya tambaye ni. Matsalar tana cikin giya. Fit ɗin da ta fito a Satumban 2013 tana da giya bakwai da kulos biyu busassu, kwamfuta ke taka su, da injin lantarki guda ɗaya a cikin akwatin giyar. Muddin akwai caji, lantarki ne ke tayar da ita daga tsaye. Amma idan cunkoso ya yi tsawo, na'urar sanyi na ci, batir ya ja baya, sai aikin ya koma kan kulos, yana kamawa rabi-rabi kamar ɗan koyon tuƙi a kan tudu. Kulos busasshe kuwa ba mai da zai ɗauke masa zafi. Daga nan sai gargaɗi ya fito a allo cewa giya ta yi zafi, a tsaya.

Wannan ba hirar tasha ba ce. Daga Oktoban 2013 zuwa Oktoban 2014, sau biyar Honda ta yi kiran a dawo da wannan mota don gyara a Japan, ukun farko duk a kan kwamfutar giya. A karo na biyar shugaban kamfanin na lokacin, Takanobu Ito, ya rage albashinsa da kashi 20 cikin 100 na wata uku. An yi gyare-gyare, kuma na shekarun baya-baya sun fi na farko natsuwa, wannan haƙƙinsu ne a faɗa. Amma da aka zo sabuwar Fit ta 2020, kamfanin ya ajiye tsarin gaba ɗaya ya koma mai injinan lantarki biyu. Abin da ya fi damuna shi ne, waɗanda kuɗin yaranmu ke iya kaiwa gare su su ne na 2013 da 2014, wato ainihin na shekarun kiran. Wa zai tabbatar maka an kai wannan da ke gabanka an yi mata gyaran kafin ta bar Japan? Akwai kuma tsohuwar Fit haibirid ta 2010 zuwa 2013, mai inji lita 1.3, wadda ba ta da wannan giya. Ita lantarkinta ɗan taimako ne kawai yake yi wa inji, ba ta kai Aqua tsimin mai a cunkoso ba, kuma ta tsufa. Masu gareji kan kira su duka "Fit haibirid", sai mai saye ya tambayi shekara.

Kada wani ya ɗauka Aqua ba ta da nata ciwon. Ciwonta batir. Yana ƙarƙashin kujerar baya, gunduwa 20 ne aka jera, jimlarsu volt 144, kuma da iskar cikin mota yake shan sanyi ta wata 'yar fanka. Ƙurar hunturu, zaren tufafi, ledar da fasinja ya cusa, duk can suke taruwa. Fanka ta toshe, batir ya yi ta dahuwa a zafin Accra ba wanda ya sani, sai ranar da fitilu suka kunnu a allo. Batir ɗin da ya shekara goma sha ya riga ya ci yawancin kwanansa ko da an kula da shi. Wani makanike da na daɗe da sani a wajen Abossey Okai, wanda ya koma aikin haibirid, ya ce mini abin da ya fi gani shi ne a canza gunduwa ɗaya da ta mutu a bar sha tara tsofaffi, fitila ta mutu, a kai mota kasuwa. Bayan 'yan watanni wata gunduwar ta bi sahu. Ya ƙara da famfon birki, wanda ya ce idan ya tashi lalacewa ba ƙaramin kuɗi yake ci ba.

Na tambaye shi, to tsakanin ciwo biyun wanne ya fi? Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, batir ina ganin mutuwarsa tun daga nesa. Kawo motar in jona kwamfuta, minti ashirin in gaya maka saura nawa. Giyar can kuwa sai ta kwantar da kai a Circle tukuna." A nan ne ni hankalina ya tsaya. Batir ɗin Aqua kuɗi ne da mutum zai iya sa wa rana, ya riƙa cire wani abu duk mako daga abin da ya tsira da shi na mai. Kayan Toyota kuma sun cika Abossey Okai da Kokompe da Suame Magazine, injin ma dangin na Vitz da Yaris ne da kowane yaron makanike ya taɓa kwancewa. Giyar Fit kuwa, bayan an canza kulos sai an sa kwamfuta ta koya masa kamu, masu wannan na'ura da sanin aikin ba su da yawa. Kwana goma mota na jiran kaya, kwana goma ke nan ba ko sisi, ga cefane bai tsaya ba.

Akwai abin da ya shafe su duka, na sa shi a nan don na ga ana yi. Na'urar sanyinsu lantarki mai ƙarfi ke juya ta, kuma man da ake zuba mata na musamman ne wanda wuta ba ta bi ta cikinsa. Mai gyaran sanyi na bakin titi ya zuba irin na sauran motoci, sai wuta ta fara zurarewa, kwamfuta ta hana mota tashi. Wayoyin nan masu launin lemo kuma ba na taɓawa da hannu ba ne, suna iya kisa. Ruwa ma haka. Duk biyun tsakanin cikinsu da ƙasa bai kai santimita 15 ba, batir kuma a ƙasa-ƙasa yake. Wanda ya san Kaneshie da Alajo a watan Yuni ya san abin da nake nufi. Direban tirotiro zai kutsa ya wuce, kai juyawa za ka yi.

Sai babbar maganar, wadda yaron bai ma kawo ta a ransa ba: sitiyari. Ghana ta koma tuƙi a hannun dama tun 4 ga Agustan 1974, dokar kwastam ta 2015 kuma ta hana shigo da mota mai sitiyari a dama sai da izini na musamman. Japan kuwa a hagu suke tuƙi, sitiyarinsu na dama. Sunan Aqua na kasuwar Japan ne. Fit haibirid ta 2013 ma ba a yi ta da sitiyarin hagu ba. Ma'ana, duk wadda ka gani a garejin Accra da sitiyari a hagu, wani ne ya ciro shi ya mayar, ko a Dubai ko a nan gida. Haka aka yi wa dubban Vitz da ke yawo a gari, mun saba har mun daina gani. Amma juya Vitz daban, juya haibirid daban. A nan birkin ma kwamfuta ke raba aikinsa tsakanin taya da caji, ga tarin wayoyi da za a yanke a ƙara musu tsawo, ga jakar iska ta hatsari da ba ka da tabbacin an mayar da ita daidai. Akwai masu yin aikin da kyau, akwai masu yi da walda da salatif. Daga waje duk fes suke. Abin dariya, rediyon Japan ma a 90 yake tsayawa a yawancin tsofaffin, rabin tashoshin garin nan ba za ka kama ba, allon kuma da rubutun da ba mai karanta shi a gidanku.

A nan Toyota ta sake samun rinjaye, domin Aqua tana da 'yar'uwa ta jini. A Amurka an sayar da ita da sunan Prius c daga 2012 zuwa 2019, da sitiyarin hagu tun daga masana'anta. A Turai ma akwai Yaris haibirid da ake haɗawa a Faransa, mai irin wannan inji. Sai dai kada a yi saurin murna. Yawancin motocin Amurka da ke sauka a Tema daga gwanjon waɗanda suka yi hatsari ake sayo su, a gyara a nan. Wadda aka buga wa gefe ko baya, a duba a gani. Wadda ambaliya ta shanye kuwa, in haibirid ce, ko kyauta aka ba ka ka gode ka wuce. Lambar jikin motar Amurka tana da amfani a nan, da ita ake binciko tarihinta a intanet, har hotunan ranar gwanjo sau da yawa.

Ga shekaru kuma. Majalisa ta yi doka a 2020 da za ta hana shigo da motocin hatsari da waɗanda suka haura shekara 10, dillalai suka yi ca, aka dakatar da aiwatarwa. Abin da ke aiki shi ne tarar tsufa: mota ta wuce shekara 10, a ƙara mata kuɗi a kan fito, tarar na hawa yadda shekarun ke hawa. Aqua da Fit na 2013 da 2014 duk sun faɗa ciki. Wanda zai yi oda daga waje ya sa wannan a lissafi tun kafin jirgi ya taso.

Abin da ke ba ni haushi a matsayin mai bin al'amuran yau da kullum shi ne inda hankalin hukuma yake. A ƙarshen 2023 an ƙaddamar da manufar motocin lantarki ta ƙasa, kasafin 2024 ya yafe fito na shekara 8 ga motocin lantarki na haya. Madalla. Amma motar da talaka ke saye yau ita ce tsohuwar haibirid, kuma ba wanda ke neman takardar lafiyar batir a tasha, ba wanda ke tilasta wa mai gareji ya bayyana cewa an juya sitiyari da inda aka juya shi. Matattun baturan ma ina suke zuwa? Wanda ya san yadda aka yi da tarkacen lantarki a Agbogbloshie ba sai an ba shi amsa ba. Da za a ce kowace haibirid sai an jona ta da kwamfuta kafin a yi mata rajista, a manna sakamakon a takardunta, da an rufe rabin hanyar cutar.

Mu mutanen zango abin ya fi shafar mu ta wata fuska. Da yawanmu ba ma zuwa banki neman bashin mota saboda riba, kuma ko ba don addini ba, lokacin da babban banki ya kai kuɗin ruwansa kashi 30 cikin 100 a 2023 wa zai iya? Bankin da ba ruwa kuwa an daɗe ana alkawarinsa. Saura tsarin nan na karɓi mota ka yi aiki kana biya duk mako har ta zama taka. Malamai da yawa sun halatta sayarwa da ƙarin farashi idan biya na jinkiri ne, muddin an yanke kuɗin tun farko ba ya ƙaruwa. Amma a karanta takarda: idan giya ta mutu a wata na takwas, wa zai gyara, kuma in ka kasa biyan mako uku, ina kuɗin da ka riga ka zuba? Wanda ya saya da kuɗin hannu kamar ɗan yayata, harbi ɗaya gare shi. Ba inshorar da ke biyan mutuwar batir ko ta kulos.

Ba na cewa Fit ba ta da mai ita. Ma'aikacin da ke zaune a Tamale ko Wa, inda titi ke a buɗe, ko mai iyali da ke hawa hanyar Kumasi duk ƙarshen wata, ya samu ta 2017 zuwa sama, ya san makaniken da ya iya ta, zai ji daɗinta fiye da Aqua, kayansa ma su shiga. Amma mai yini a cunkoson Accra awa goma sha biyu, yana tsayawa yana tashi sau ɗaruruwa, amsata Toyota ce, kuma in da hali mai sitiyarin hagu na asali.

Haka na gaya wa yaron ranar Litinin da daddare a gidan uwarsa. Fuskarsa ta ɗan canza, ya ce, "Kawu, amma shuɗiyar ta fi kyau fa, kuma ta fi araha da kusan dubu goma." Uwar ta ce, "Araha ba ta ado, ka saurari kawunka." Na ce ba ma farar nake cewa ya saya ba, domin ita ma juyayyiya ce. Washegari muka koma garejin tare, na roƙi mai shi ya bari mu zo da makanikenmu ya jona kwamfuta, mu kuma ɗaga kujerar baya mu ga fanka. Ya ce motarsa ba ta gwaji ba ce, in muna so mu biya, akwai masu jira. Muka yi masa sallama.

Yanzu an kwatanta mana wata Prius c ta 2015 a Tema, an ce bugun baya ne aka gyara. Na sa yaron ya karɓo lambar jikinta ya tura wa yayansa ya binciko hotunan gwanjon. Idan ba ruwa ne ya ci ta ba, ranar Alhamis za mu je da makanike da kwamfutarsa, kuma na ce ya ware kuɗin batir a gefe kafin ya fara ciniki.